Yadda ake ba bishiyoyin da ba sa kaɗe ganye taki a gidajen Kumasi

Duk wanda ya taɓa shiga gonar koko ko ta goro a ƙauyukan Asante ya san yadda ƙafa take nutsewa cikin busassun ganye, kuma idan ya yaye su da hannu zai tarar da baƙar ƙasa mai danshi, cike da ƙananan saiwoyi farare kamar zare. A can bishiya tana cin abin da ta zubar ne, domin ganyen da ya faɗo bana shi ne takin baɗi. A gidajenmu na Aboabo da Asawase da Tafo kuwa, kowace safiya ana share tsakar gida tas, a kwashe ganyen a kai juji, a wasu gidajen ma an malale gindin bishiyar da siminti har ya kusa shaƙe ta. Shekara da shekaru ana ɗebe wa ƙasa abincinta ba a mayar mata da komai, sannan mai gida ya yi mamakin ganin lemunsa ya ƙi 'ya'ya, shingensa kuma ya koɗe. Aikin taki a gida shi ne mayar da abin da tsintsiya ta kwashe, kuma wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai riƙa zuba wa bishiya abin da ya fi ƙarfinta ba.

Bishiyoyin da ake magana a kansu su ne masu zama kore shar rani da damina: mangwaro, lemun zaƙi da na tsami, fiya, goro, kwakwa, darbejiya, da doguwar bishiyar nan siririya da ake jerawa a bakin katanga, sai kuma ƙananan itatuwan ado da na shinge irin su iksora da kuroton da fikus. Su ma suna zubar da ganye, sai dai kaɗan-kaɗan, tsoho na faɗuwa sabo na fitowa, kuma kafin bishiya ta saki tsohon ganye takan janye abincin da ke cikinsa ta tura wa sabon toho. Saboda haka ganin 'yan ganye masu ruwan ɗorawa can cikin duhun rassa ba abin tayar da hankali ba ne. Ita fiya ma takan zubar da tsofaffin ganye da yawa a daidai lokacin da take fure, har wanda bai sani ba ya ɗauka mutuwa za ta yi.

Kafin a sayi ko da gwangwani ɗaya na taki, a tsaya a karanci ganye, a lura musamman da ko tsofaffi ne suka canza launi ko sababbi. Idan tsofaffin ganye na ƙasa ne suka koɗe gaba ɗaya, sabon toho kuma ya fito gajere da ƙananan ganye, to galibi sinadarin naitirojin ne ya yi ƙaranci. Idan tsohon ganyen lemu ya yi ɗorawa a gefe da gefe amma ya bar kore mai siffar kan mashi daga wajen gindinsa, maganiziyam ake nema. Idan bakin tsofaffin ganye ya ƙone kamar an haska masa wuta, ko tsofaffin rassan kwakwa suka yi ɗigo-ɗigo masu ruwan lemu, a tuhumi fotasiyam. Amma idan sababbin ganye na kan reshe ne suka fito fari-fari alhali jijiyoyinsu na nan kore, wannan alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce, kuma sau da yawa ƙarfen yana nan cikin ƙasa, saiwa ce ta kasa ɗaukarsa saboda ƙasar ta rasa tsaminta.

Na ga wannan na ƙarshe a gidanmu. Muna da shingen iksora a jikin katangar gaba, rabinsa kore, rabin da ke kusa da ƙofa kuwa kullum fari-fari kamar mai jinya. Na yi ta ƙara masa takin zamani ba wani canji, sai ranar da na sa fartanya na tona gindinsa na tarar da ɓaraguzan bulo da busasshen kwaɓin siminti da magina suka binne a wurin. Siminti yana kashe tsamin ƙasa, ita kuma iksora ƙasa mai ɗan tsami take so. Da na tsince ɓaraguzan, na cike ramin da ruɓaɓɓen ganye, na koma ba ta ɗan salfet na amoniya, wani takin zamani mai ƙara wa ƙasa tsami, tohon da ya biyo baya ya fito da launinsa, ko da yake ganyen da suka riga suka koɗe ba su dawo ba.

Akwai kuma cututtukan da taki ba ya yi musu komai. Kauci yana da yawa a wannan yanki, yana kama lemu da goro da koko, kuma bishiyar da ya yi wa yawa sai an sare rassan da ya kama, in ba haka ba takin da aka zuba shi ake ciyarwa. Baƙin abu mai kama da kunkunniya a kan ganyen lemu alama ce ta ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye. A unguwannin da ke kwari kusa da rafin Aboabo, inda ruwa kan kwanta bayan an yi mamako, saiwa takan ruɓe don rashin iska, ganye ya yi ɗorawa kamar na yunwa, kuma fiya ce ta fi saurin mutuwa a irin wannan wuri. Haka nan bishiyar da ake watsa wa ruwan wanki kullum, gishirin da ke cikin garin sabulu ne yake ƙona ta. Wanda yake da bishiyoyi da yawa, ko yake shirin kafa lambu, gara ya kai ƙasarsa a auna a Cibiyar Binciken Ƙasar Noma da ke Kwadaso. Ana ɗibar ƙasar ne daga wurare biyar ko shida, daga sama zuwa zurfin santimita 20, a gauraya, a ɗebi kamar rabin kilo a cikin leda mai tsabta. Yawancin waɗannan bishiyoyi sun fi jin daɗi idan ma'aunin tsami na pH yana tsakanin 5.5 da 6.5.

Lokacin zuba taki yana bin ruwan sama, kuma Kumasi damina biyu gare ta. Babbar tana kamawa daga wajen Maris ko Afrilu zuwa Yuli, a ɗan sarara a Agusta, ƙaramar ta zo daga Satumba zuwa wajen Nuwamba, sannan hunturu ya shigo daga Disamba zuwa Fabrairu. Takin shekara ana raba shi kashi biyu: na farko ana ba da shi ne bayan an yi ruwa mai kyau sau biyu ko uku, ƙasa ta jiƙu sosai, an kuma fara ganin toho a kan rassa. Kashi na biyu sai Satumba, da dawowar ruwa. A guji tsakiyar Yuni lokacin da ruwa yake sauka kamar da bakin ƙwarya, domin naitirojin yana narkewa da sauri, zai bi ruwa ya wuce inda saiwa take ko ya gangara kwata. Daga ƙarshen Oktoba kuma a dakata, saboda takin da aka ba da a makare yana fitar da ɗanyen toho wanda iskar hunturu za ta yanƙwane shi. Wannan shi ne dalilin raba abincin shekara gida biyu a garin da ake samun ruwan da ya kai kimanin milimita 1,400 a shekara. Mutanen Accra, waɗanda ruwansu bai kai haka ba nesa ba kusa ba, sai su haɗa da ban ruwa duk lokacin da suka zuba.

Inda ake zubawa shi ne inda aka fi yin kuskure. Mutane sukan tara taki a jikin kututture, alhali manyan saiwoyin da ke wurin aikinsu riƙe bishiya ne. Ƙananan saiwoyi masu shan ruwa da abinci suna can waje, a ƙarƙashin bakin rassa inda ruwan ganye yake ɗiga, har ma su zarce nan, kuma mafi yawansu ba su wuce zurfin taƙi ɗaya ko biyu daga saman ƙasa ba. Don haka a tsaya da tsakar rana a dubi inda inuwar bishiyar ta tsaya, a barbaɗa takin a zagaye daga tsakiyar inuwar zuwa ɗan gaba da bakinta, a bar gindin fayau. Bayan an barbaɗa sai a ɗan karce ƙasa sama-sama don ta rufe ƙwayoyin. Kada a kafta da ƙarfi, domin fartanyar da ta nutse tana yanke saiwoyin da ake son su ci takin. Idan ba alamar hadari, a bi da ruwa nan take.

A gidan da siminti ya rufe ko'ina, abin da ya fi shi ne a fasa a faɗaɗa da'irar da ke gindin bishiyar ta kai aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe. Idan akwai sauran fili mai ƙasa amma ta taurare saboda takawa, a sami ƙarfe mai tsini a huda ramuka masu zurfin santimita 15 zuwa 20, tsakanin kowane biyu kamar taku ɗaya, a raba takin a cikinsu, a cike da ruɓaɓɓen ganye. Ramukan suna shigar da iska da ruwa, wanda a irin wannan ƙasa amfaninsa ya kai na takin kansa.

A shagunan kayan noma na Kejetia da Adum abin da aka fi samu shi ne NPK 15-15-15, wanda manoma suke kira kamfa, sai yuriya da salfet na amoniya. Lambobin nan uku suna nufin cewa a cikin kowane kilo 100 akwai kilo 15 na naitirojin, 15 na fosfet, 15 na fotash. Yuriya naitirojin ce zalla, kashi 46 cikin 100, wato ta ninka kamfa ƙarfi sau uku ta wannan fuska, kuma idan aka bar ta a saman ƙasa ba a rufe ba wani kaso nata yana tashi ya bi iska. Salfet na amoniya yana da kashi 21 cikin 100, yana kuma ƙara wa ƙasa tsami, abin da ya sa ya dace da iksora a jikin katanga, amma bai kamata a dawwama a kansa shekara da shekaru a jar ƙasar da dama can tana da tsami ba. A ganina mai bishiya biyu ko uku a gida ba shi da buƙatar yuriya ko kaɗan, domin kuskuren hannu ɗaya da ita ya isa ya ƙone ƙaramar bishiya. Ba shi da buƙatar buhu mai kilo 50 kuma, tunda taki yana jan danshi ya dunƙule idan ya daɗe a buɗe.

Ga lissafi mai sauƙi na bishiyar da ta girma. A auna faɗin inuwarta da taku. Idan faɗin ya kai mita 4, filin da ke ƙarƙashinta ya kusa murabba'in mita 13, kuma idan aka ba kowane murabba'i giram 60 na kamfa a shekara, jimilla ta kama kusan giram 750. A raba biyu, rabi a Afrilu, rabi a Satumba. Ƙaramin gwangwanin madara yana ɗaukar abin da bai yi nisa da giram 150 ba, ke nan gwangwani biyu da rabi a kowane zubi, amma ya kyautu mutum ya ɗora nasa gwangwanin a kan sikeli sau ɗaya don ya san abin da yake ci. Shinge kuwa ɗan cikin tafin hannu ɗaya, kamar giram 30, ya ishi kowace mita ɗaya ta tsawonsa, a zuba a gefe, a kaɗe ƙwayoyin da suka maƙale a ganye domin suna ƙona shi. Shingen da ake yi wa aski akai-akai ya fi wanda aka bari buƙatar abinci, tunda kowane aski ganye ake kwashe masa.

Sabon dashe yana da nasa hukunci. A Ranar Koren Ghana, ranar dashen itatuwa da aka fara a watan Yunin 2021, an riƙa raba wa jama'a dashe, kuma da yawa daga cikin masu karɓa sukan zuba takin zamani a cikin ramin don ƙauna, saiwar da ta fito daga leda da rauni ta haɗu da gishirin takin ta ƙone. A dasa da ƙasar wurin gauraye da ruɓaɓɓen taki kaɗan, a jira sai an ga sabon toho, wanda yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu, sannan a ba da kamar giram 50 a da'ira mai nisan taƙi ɗaya da rabi daga karan. Sau uku ko huɗu a shekarar farko ya wadatar, duk a cikin damina.

Takin gargajiya shi ne ginshiƙi, na zamani ƙari ne a kansa, domin na zamani yana ciyar da bishiya amma ba ya gyara ƙasa, shi kuwa na gargajiya yana sa ta yi laushi, ta riƙe ruwa, tsutsar ƙasa, wato tana, ta dawo cikinta. A kewayen Kumasi gidajen kaji suna da yawa, kashin kaji ba ya wuya, kuma yawanci yana zuwa ne gauraye da aske-asken katako da aka shimfiɗa wa kajin. Ƙarfinsa shi ne haɗarinsa. Wani dattijo maƙwabcinmu ya taɓa samun buhu biyu ɗanye, ya juye ɗaya cur a gindin lemun tsaminsa mai shekara biyu. Da na leƙa na ji warin yana hawa ido, na ce masa, "Baba, da an bari ya huce tukuna." Ya ce, "Yaro, ai abinci ne, wa ya taɓa mutuwa don an cika masa akushi?" Bayan kwana huɗu ganyen suka naɗe, bakinsu ya yi baƙi, a mako na biyu suka zube. Mun kwashe takin, muka yi ta kwarara ruwa, bishiyar ta sake toho daga ƙasa, amma reshen da aka yi wa aure ya tafi, abin da ya fito na gindin ne mai ƙaya.

Hanyar da ta dace ita ce a tara kashin kajin a inuwa, a yayyafa masa ruwa ya yi danshi ba sharkaf ba, a rufe da buhu, a riƙa juyawa duk bayan mako biyu. Bayan wata biyu zuwa uku zafinsa zai sauka, launinsa ya yi duhu, warin ya koma irin na ƙasar daji. A lokacin ne ake shimfiɗa shi a ƙarƙashin inuwa, kaurin yatsa biyu, sau ɗaya a shekara a farkon babbar damina. Kashin tumaki da awaki ya fi sanyi, kuma a zango ba a rasa shi, musamman bayan Babbar Sallah lokacin da aka share inda aka ɗaure ragunan layya, sai dai shi ma gara a bar shi ya kwana biyu. Wanda ya sami irin wannan taki isasshe yana iya rage na zamani zuwa rabi. Garin katako ɗanye daga wajen masu yankan katako na Sokoban kuwa kada a cuɗa shi cikin ƙasa, saboda ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi suna janye naitirojin ɗin da bishiya za ta ci, ganye ya koɗe na tsawon watanni.

Ganyen da ake sharewa ma a daina kai shi juji. A mayar da shi ƙarƙashin bishiyar a shimfiɗa kaurin santimita 5 zuwa 8, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da kututture. Wannan tazara tana da muhimmanci ga lemu, domin idan gindinsa ya zauna cikin danshi yakan kamu da cutar da ke sa ɓawo ya tsage yana fitar da ƙaro. Na san uwargida ba za ta so ganin ganye a tsakar gida ba, kuma akwai masu tsoron gara da kunama. Jera bulo a zagaye yana tsare ganyen wuri ɗaya ya kuma yi kyan gani, amma wanda bishiyarsa take manne da ɗaki mai rufin katako gara ya ruɓar da ganyen a rami can gefe, ya kawo shi bayan ya zama ƙasa.

Tokar murhu da ta kurfoti tana da fotasiyam da alli, kuma tana rage tsamin ƙasa. Ta dace da kwakwa da mangwaro idan an barbaɗa ta shara-shara, amma ba a kai ta kusa da iksora. Ba a haɗa ta da yuriya ko salfet ko kashin kaji a zubi ɗaya, domin tana sa naitirojin ya tashi, sai a bar mako biyu ko uku a tsakani. Tokar juji da aka ƙona da leda da batir da katako mai fenti ba ta shiga lambu, balle gindin bishiyar da za a ci 'ya'yanta.

Bishiyoyi masu 'ya'ya suna son a kula da lokacinsu. Mangwaro idan ya sha naitirojin gab da fure sai ya yi ta ganye ya ƙi huda, saboda haka babban kasonsa ana ba shi ne bayan an gama tsinke 'ya'ya. Lemu ya fi kowa ci, kuma ya fi son a ba shi kaɗan-kaɗan, har sau uku a shekara. Idan ya nuna alamar nan ta maganiziyam, gishirin Epsom da ake samu a kantin magani yana gyarawa, cokali biyu ko uku a narka a bokitin ruwa a zuba a bakin inuwa. Darbejiya da sauran manyan bishiyoyin inuwa da suka kafu, muddin ganyensu kore ne kuma suna toho kowace damina, a ƙyale su, kuɗin takinsu a kashe shi a kan lemu.

Na cikin tukwane su ne suka dogara ga mai su ɗungurungum, domin duk ban ruwa yana wanke abincin da ke cikin 'yar ƙasar da suke da ita. Tukunya mai girman bokiti murfin kwalba ɗaya na kamfa ya ishe ta duk bayan mako shida, a jera ƙwayoyin a bakin tukunyar nesa da kara, kuma a fara ba da ruwa kafin a zuba, kada a sa wa busasshiyar ƙasa. Idan aka ga farin abu kamar kanwa ya taru a saman ƙasa ko a bakin tukunya, gishirin taki ne ya yi yawa, sai a kwarara ruwa har ya riƙa fita ta ƙasa, a maimaita sau biyu ko uku, a dakatar da taki na wata biyu. Sau ɗaya a shekara, a farkon Afrilu, a kwashe ƙasar sama kaurin yatsa uku a maye ta da ruɓaɓɓen taki, a kuma juya tukunyar a duba ramin da ke gindinta, domin saiwar fikus takan toshe shi ko ta bi ta cikinsa ta kama ƙasa.